Ciwon baya mai naci: Me ke janyo shi, kuma me ya sa likitoci suka daina cewa a kwanta a huta?

Babu wata larura da ta kai ciwon baya naƙasa mutane da hana su aiki a faɗin duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne suka yi fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da shekarar 2050, inda ƙaruwar za ta fi yawa a nahiyoyin Afirka da Asiya.

Ga mafi yawan mutane, ciwon kan lafa cikin makonni shida. Amma akwai waɗanda yake zama musu ƙarfen ƙafa. Idan ya wuce wata uku bai tafi ba, likitoci na kiran sa ciwon baya mai naci, kuma shi ne ke raba magidanci da sana'arsa, ya hana uwa goyon ɗanta, ya cinye ɗan abin da iyali suka tara a sayen magani da ɗaukar hoto.

A shekarun baya-bayan nan ilimin likitanci ya sauya ra'ayi sosai kan yadda ya kamata a tunkari wannan ciwo. Ɗaya daga cikin ƙasashe masu tasowa da suka fara aiki da sabon tunanin da wuri ita ce Malesiya, ƙasar da ɗaliban Najeriya da dama ke zuwa karatu.

Unguwar da aka gina da ƙarfin baya

A arewacin birnin Kuala Lumpur akwai wata tsohuwar unguwa da ake kira Sentul. Tun farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka na Birtaniya suka kafa babbar ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa a can, wadda ta ɗauki dubban leburori, akasarinsu 'yan ƙabilar Tamil daga kudancin Indiya. Aikinsu ɗaga ƙarfe ne da sunkuyo da jan kaya tun safe har yamma.

Yau an rufe ma'aikatar, dogayen gidajen bene sun mamaye wurin, amma wahalar da baya ke sha ba ta ƙare ba, salo kawai ta sauya. Jama'ar unguwa irin wannan a yanzu sun haɗa da masu kai saƙon abinci a kan babur, da direbobin motocin haya na manhajar Grab, da leburorin gini, da ma'aikatan ofis da ke shiga jirgi da sassafe su wuni a kan kujera gaban kwamfuta.

Duk wanda ya san Kano zai gane waɗannan mutane. Su ne 'yan dakon kasuwar Dawanau da Singa da Kantin Kwari, da 'yan adaidaita sahu, da teloli, da 'yan ga-ruwa, da manoman da ke wuni sunkuye da fartanya, da matan da ke daka da surfe da ɗiban ruwa daga rijiya. Wani nazari da aka wallafa a 2018, wanda ya tattara bincike-binciken da aka yi a ƙasashen Afirka, ya nuna cewa fiye da rabin mutanen da aka bincika sun yi ciwon baya a cikin shekara guda.

Me ke janyo ciwon?

Gadon bayan ɗan Adam ƙananan ƙasusuwa ne 33 da aka jera bisa juna, biyar daga cikinsu a ƙugu, kuma su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin jiki. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai wani faifan guringuntsi mai kama da matashi da ke rage gogayya, sannan tsoka da jijiyoyi sun ɗaure su duka. Laka na bi ta tsakiya, rassanta na fita su sauka zuwa ƙafafu.

Abin da ke ba mutane mamaki shi ne, a kusan kashi 90 cikin 100 na masu ciwon baya, likita ba ya iya nuna wani ƙashi ko faifai guda ya ce ga inda matsalar take. Ciwon na gaskiya ne, amma babu wata cuta mai haɗari a ƙarƙashinsa. Yakan taso ne daga haɗuwar abubuwa da dama: aikin ƙarfi da yawan sunkuyo, jijjigar babur ko mota, doguwar zama, ƙiba, shan taba, ƙarancin barci, da damuwa. Binciken da aka yi kan nauyin cututtuka a duniya ya danganta kusan kashi 40 cikin 100 na naƙasar da ciwon baya ke haifarwa da abubuwa uku kaɗai, wato yanayin aiki da taba da ƙiba.

Rukuni na biyu su ne waɗanda faifan ya zame ko hanyar jijiya ta ƙuntata, har aka danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Irin wannan ciwo kan taso daga ƙugu ya bi ta cinya har ƙasan gwiwa, wani lokacin da jin kamar ana tsira allura ko ƙafar ta yi sanyi ta mutu. Ko a nan ma, bincike ya nuna cewa kusan biyu cikin uku na faifan da suka zame jiki ne ke tsotse su da kansa a hankali, ba tare da tiyata ba.

Rukuni na uku shi ne mafi ƙanƙanta, amma shi ne mafi haɗari. A nan ciwon baya alama ce ta wata cuta dabam: karaya saboda zaizayar ƙashi a wurin tsofaffi, ko ciwon daji da ya bazu zuwa ƙashi, ko ƙwayar cuta da ta shiga ƙashin. A ƙasashe irin su Najeriya, wadda ke cikin waɗanda tarin fuka ya fi yawa a duniya, ƙwayar cutar kan kama ƙashin baya ta cinye shi sannu a hankali har mutum ya yi ƙusumbi ko ƙafafunsa su shanye. Wani likitan Ingila mai suna Percivall Pott ne ya yi bayanin wannan cuta tun 1779, kuma tana warkewa da maganin tarin fuka idan aka gano ta da wuri. Haka nan masu amosanin jini, wato sikila, da masu tsakuwar ƙoda ko ciwon ƙoda, da mata masu ciwon mahaifa, duk suna iya jin ciwon a baya. Akwai kuma cutar burusela da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba, wadda makiyaya suka fi fuskanta.

A ƙasar Hausa an saba ɗora alhakin ciwon baya kan basir ko sanyi. A likitance, basir kumburin jijiyoyin jini ne a dubura, kuma ba ya cikin abubuwan da aka sani suna janyo ciwon ƙugu mai daɗewa. Haɗarin wannan fahimta shi ne mai tarin fuka a ƙashin baya zai iya shafe watanni yana shan jiƙon basir, cutar kuwa na ci gaba da cin sa.

Alamomin da ba a jira da su

Likitoci sun yi ittifaƙi cewa akwai alamomin da idan suka zo tare da ciwon baya, to a garzaya asibiti a ranar. Na farko, mutum ya kasa yin fitsari, ko fitsari da bayan gida su riƙa kuɓuce masa. Na biyu, ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyinsa da kewayen al'aura da dubura. Na uku, ƙafa ta riƙa raunana tana jan ƙasa, musamman idan duka biyun ne. Waɗannan na nuna an matse jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin mutum da naƙasa ta har abada.

Akwai kuma alamomin da ke buƙatar ganin likita cikin 'yan kwanaki: zazzaɓi da gumin dare, rama ba dalili, ciwon da ke tsananta da dare ko a kwance, ciwon da ya biyo bayan faɗuwa ko hatsari, da ciwon baya a jikin wanda ya taɓa yin ciwon daji ko tarin fuka. Matashin da ke tashi da safe bayansa a sandare fiye da rabin sa'a, sai ya motsa sannan ya saki, shi ma ya kamata a duba shi, domin akwai wani nau'in amosanin gaɓɓai da ke kama ƙashin baya kafin shekara 45.

Me ya sa hoto ba ya faɗin komai?

Da yawa daga cikin masu ciwon baya na ganin cewa hoton MRI ne zai warware musu komai, har wasu kan sayar da kadara don su biya kuɗinsa. Sai dai wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya duba hotunan mutane fiye da 3,000 da ba su da ciwon baya ko kaɗan, ya gano abin da ya sauya tunanin likitoci. Kashi 37 cikin 100 na 'yan shekara 20 an ga alamun lalacewar faifai a bayansu, a wurin 'yan shekara 80 kuwa adadin ya kai kashi 96. Dukkansu lafiyarsu ƙalau.

Ma'ana, yawancin abin da hoto ke nunawa tamkar furfura ce, alamar shekaru ce kawai. Amma idan aka miƙa wa mutum takarda aka ce ƙashin bayansa ya zaizaye ko ya goce, tsoro kan kama shi. Sai ya daina sunkuyo, ya daina tafiya, ya ajiye aiki. Tsokar da ba ta aiki takan raunana, barci ya lalace, damuwa ta ƙaru, ita kuma ƙwaƙwalwa ta ƙara kaifin jin ciwon. Masana na kwatanta lamarin da ƙararrawar mota da ta lalace, wadda ke kuka ko da iska ce ta kaɗa ta. Shi ya sa ƙa'idojin likitanci na yanzu suka ce kada a yi hoto sai idan akwai alamun haɗari, ko kuma sakamakon zai sauya irin maganin da za a bayar.

Abin da Malesiya ta gwada

Tazara kaɗan daga Sentul ta arewa akwai Asibitin Selayang na gwamnati. A farkon shekarun 2000 wata likita mai suna Mary Cardosa ta jagoranci kafa sashen kula da ciwo mai naci a asibitin, tare da wani shiri da aka raɗa wa suna MENANG, kalmar da ke nufin yin nasara a harshen Malay. An ɗauko tsarin ne daga wani asibiti a birnin Sydney na Ostireliya, aka daidaita shi da harshe da al'adun mutanen ƙasar.

A cikin mako biyu, ana tara marasa lafiya rukuni guda, likita da masanin halayyar ɗan Adam da mai gashin ƙashi su koya musu yadda ciwo ke aiki a jiki, da motsa jiki daki-daki, da rarraba aiki don kada a yi shi a tashi ɗaya, da dabarun kwantar da hankali, da rage dogaro da ƙwayoyi. Ba a yi musu alƙawarin cewa ciwon zai ɓace. Abin da ake nema shi ne su koma harkokinsu. Sakamakon da aka wallafa a 2012 ya nuna cewa naƙasa da damuwa sun ragu a tsakanin waɗanda suka shiga shirin, kuma sauƙin ya ɗore bayan shekara guda.

Ma'aikatar lafiyar ƙasar ta kuma sanya tambayar tsananin ciwo cikin abubuwan da ake aunawa a jikin kowane marar lafiya tun 2008, kamar yadda ake auna zafin jiki da hawan jini. Hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasar, PERKESO, ta ƙaddamar da shirin mayar da ma'aikata bakin aiki a 2007, inda ake haɗa wanda ya ji rauni da jami'in da zai bi lamarinsa, ya tattauna da mai ba shi aiki kan sassauta masa aikin har ya murmure. Wata doka ta 2017 ta faɗaɗa kariyar zuwa masu zaman kansu, aka fara da direbobin haya, daga baya aka shigar da masu kai saƙo a babur.

Malesiya ba ta yi watsi da maganin gargajiya ba. Tun 2007 wasu asibitocin gwamnati suka buɗe sassan da ake yin tausar gargajiya ta Malay da maganin allurai na Sinawa ga masu ciwo mai naci, amma sai likita ya fara duba mutum ya tabbatar babu wata cuta mai haɗari. A 2016 aka yi dokar da ta tanadi yi wa masu wannan sana'a rajista.

Ga baƙi lissafin dabam ne. Ɗan ƙasa na biyan ringgit 1 kacal don ganin likita a ƙaramin asibitin gwamnati, baƙo kuwa na biyan ninkin haka sau da yawa, abin da ya sa inshorar lafiyar da aka wajabta wa ɗalibai 'yan ƙasashen waje ke da muhimmanci.

Wane magani ne ke aiki?

A watan Disamban 2023 WHO ta fitar da ƙa'idojinta na farko kan ciwon baya mai naci, kuma sun yi daidai da abin da ake yi a Selayang. Hukumar ta ba da shawarar wayar wa marar lafiya kai game da ciwonsa, da motsa jiki mai tsari, da tausa da sauran dabarun masu gashin ƙashi, da zaman gyaran tunani, da magungunan rage kumburi irin su ibuprofen da diclofenac na ɗan gajeren lokaci. Ta kuma yi gargaɗi kan ɗaura bel ɗin ƙugu, da jan baya da na'ura, da amfani da ƙwayoyi masu sa maye.

Magungunan rage kumburin ma suna da illa. Shan su kullum na iya haddasa gyambon ciki da zubar jini, ya tayar da hawan jini, ya lalata ƙoda, musamman ga tsofaffi da masu aiki cikin rana ba sa shan isasshen ruwa. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙulla wa mutane a leda a kemis ko a tasha kan ƙunshi irin waɗannan magunguna biyu ko uku a lokaci guda. Hukumomin Malesiya kuwa sun sha janye wasu magungunan gargajiya na ciwon gaɓɓai daga kasuwa bayan an gano an cusa musu sinadarin dexamethasone a ɓoye, wanda ke kumbura fuska, ya tayar da sukari, ya zaizaye ƙashi.

Tramadol ya fi kowanne haɗari a Afirka ta Yamma. Leburori da 'yan acaɓa da yawa sun fara shan sa ne don su iya jure ciwon jiki su ci gaba da aiki. Binciken da gwamnatin Najeriya ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 ne ke shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa umarnin likita ba. Wani gwaji da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a mujallar Lancet a 2023, ya gano cewa masu sabon ciwon baya ko wuya da aka ba irin waɗannan ƙwayoyi ba su fi waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta samun sauƙi ba bayan mako shida.

Game da ƙaho, wanda Hausawa da Malay duk suka sani, wani gwaji a Brazil a 2021 ya nuna cewa ƙahon da ba a fitar da jini bai fi na kwaikwayo tasiri ba. Wanda ya zaɓi zuwa wurin wanzami ya tabbatar an yi amfani da sabuwar aska, saboda ciwon hanta da HIV. Tiyata kuma tana da gurbinta: idan an matse jijiya har ƙafa na raunana, ko akwai karaya ko ƙari ko ƙwayar cuta, ko ciwon ƙafa ya ƙi lafawa bayan watanni ana magani. Cibiyoyi irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano suna yin irin wannan aiki. Amma ga ciwon da ba a gano takamaiman tushensa ba, hujjar amfanin tiyata ba ta da ƙarfi.

Shin zai yi aiki a ƙasar Hausa?

An riga an gwada. Masu bincike daga sashen gashin ƙashi na Jami'ar Bayero sun gudanar da wani gwaji a garin Tsakuwa da ke ƙaramar hukumar Dawakin Kudu a jihar Kano, da mutum 120 masu ciwon baya mai naci. An koya wa wasu motsa jiki kaɗai, wasu an yi musu bayanin ciwon da Hausa kaɗai, wasu kuma aka haɗa musu biyun. Sakamakon da aka wallafa a 2023 ya nuna dukkansu sun sami sauƙi, amma waɗanda aka haɗa wa biyun sun fi amfana. Ba a buƙaci na'ura mai tsada ba.

Tafiya a ƙasa ma magani ce. Wani gwaji a Ostireliya da mutum 701, wanda aka wallafa a 2024, ya nuna cewa waɗanda aka tsara wa tattaki tare da wayar da kai sun kai kimanin kwana 208 kafin ciwon ya dawo ya hana su aiki, sauran kuwa kwana 112.

Shawarar masana ga mai fama da ciwon ita ce ya fara da abin da zai iya, ko da tafiyar minti 10 ce, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako, domin sannu ba ta hana zuwa. Ɗan ciwon da ake ji lokacin motsi ba ya nufin ana ɓarna a jiki, muddin ya lafa zuwa washegari. Tela da direba da ma'aikacin ofis su riƙa miƙewa bayan kowane rabin sa'a ko sa'a guda. Ranar da ciwon ya motsa, a gasa wurin da ruwan ɗumi, a rage aiki, amma kada kwanciya ta wuce kwana ɗaya ko biyu. A gyara barci, a bar taba, kuma wanda damuwa ta yi wa yawa ya faɗa wa likita, domin ita ma tana cikin ciwon.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin marar lafiya shi kaɗai. Tun 1967 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ba da shawarar kada namiji baligi ya riƙa ɗaukar kayan da suka haura kilo 55, alhali buhun hatsi a kasuwannin arewacin Najeriya kan kai kilo 100. Najeriya na da dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010, wadda asusun NSITF ke aiwatarwa, amma mafi yawan 'yan dako da manoma da 'yan acaɓa ba sa cikin tsarin, kuma duk ranar da ba su fita ba, ba a ɗora tukunya a gidajensu. Rage girman buhu, da samar da baro da kura a kasuwa, da kai masu gashin ƙashi ƙananan asibitocin karkara, matakai ne da shugabannin kasuwanni da gwamnatocin jihohi ke da ikon ɗauka.